Anti Birki da Daren Laraba

A ofishin da ke saman shagon masu tayil, an yi shekara tara ba a kira ta da sunanta na yanka ba. Anti Birki ake ce mata. Ko keke ba ta iya tuƙawa ba, aikinta ne ya jawo mata sunan. Ita ce mai gwajin manhaja. Masu rubutawa su rubuta, su tafa su ce sun gama, sai a turo mata. Ita kuma ta gyara zaman tabarau ta yi ta danne-danne har sai abin ya fashe a hannunta. In ya fashe ta mayar musu da kayansu. In bai fashe ba ta ƙara masa kwana guda, domin ba ta yarda da abin da bai taɓa lalacewa a gabanta ba. Sai ta sa hannu a ƙasan takarda ake sakin aiki ga masu shi. Kafin nan kowa ya taka birki.

Shekararta hamsin da uku. Da tafireta ta fara neman abinci, tana 'yar shekara goma sha tara, a rumfar wani dattijo mai buga wa mutane takardu a bakin kotu. Dattijon nan ba ya yabo, ba ya zagi, doka ɗaya gare shi: in kin gama buga takarda, ki karanta wa mai ita da baki, a hankali, sannan ki tambaye shi. Kuma kada ki ce masa "ka gane?", don kowa zai ce ya gane saboda kunya. Ce masa za ki yi, "To yanzu me za ka yi?" Amsar da ya bayar ita ke nuna ko takardar ta yi.

Da kwamfuta ta shigo aka ce masu tafireta sun mutu, sai ta shiga ajin yamma ta yi wata shida tana koyo. Daga nan ta samu aiki a ɗakin kati na wani asibiti, tana shigar da bayanan marasa lafiya. Manhajar da suke aiki da ita kullum cikin ba ta haushi take, ita kuwa ba ta iya haɗiye magana ba. Duk ƙarshen mako sai ta rubuta wa kamfanin da ya yi manhajar jerin abubuwan da suka lalace, ɗaya bayan ɗaya, har da yadda za a bi a sake jawo lalacewar. Da suka gaji da wasiƙunta sai suka ɗauke ta aiki. Gara a ce mai ƙorafin na cikin gida, in ji su.

A tsakanin nan ta yi aure, ta haifi biyu, mijin ya rasu, 'ya'yan suka girma kowa ya kama gabansa. Yanzu daga ita sai mahaifinta a wani gida mai ɗaki biyu bayan tashar mota. Baba tsohon direban babbar mota ne, shekara tamanin da 'yan kai. Yanar ido ta rage masa gani, ciwon suga ya raba shi da duk abin da yake so, amma kunne da baki garau.

Kamfanin nasu manhajar asibitoci yake yi. Ba wani abin a zo a gani ba ne: tsara layi, ajiye katin mara lafiya, da tura wa mutane saƙo a waya don tuna musu ranar ganin likita. Da can su huɗu ne a teburin gwaji. Sai Baƙo ya zo.

Baƙo shi ne sunan da suka sa wa na'urar nan mai ƙirƙirarriyar basira da kamfanin ya ɗauko. Dogo ne ya raɗa masa. Dogo kuwa shi ne mafi daɗewa cikin masu rubuta manhaja, kuma abokin tsokanar Anti Birki. Ranar da aka kawo na'urar ya ce baƙo raɓa ne, da hantsi zai kama gabansa. Hantsi ya yi, azahar ta yi, Baƙo bai motsa ba. Abin da Dogo ke rubutawa a mako guda, Baƙo kafin shayi ya huce ya gama. Bai tsaya nan ba, shi ke shirya gwajin abin da ya rubuta, ya gwada da kansa, ya cika allo da kore. Kore na nufin lafiya lau, ja na nufin akwai matsala. Cikin wata takwas aka sallami mutum uku daga teburin gwaji. Kujerunsu na nan an jera jikin bango, ana ɗora musu kwalaye.

Wata Litinin Oga ya kira ta ofishinsa. Oga shi ne shugaban sashen fasaha, bai kai arba'in ba. Mutumin kirki ne gwargwado, sai dai duk taron da ya je sai ya dawo da sabuwar kalma a baki yana tsotsa kamar alewa. Ya ba ta kujera, ya tambayi jikin Baba, ya shiga kewaye-kewaye a kan yadda duniya ta sauya da yadda shugabanci ke buƙatar hangen nesa. Ta bar shi ya gaji don kansa.

"Ƙanena, faɗi abin da ka kira ni ka faɗa," ta ce. "Aiki na jirana."

Sai ya faɗa. Sabon sashen da aka gama, wanda zai riƙa tura wa masu jiran tiyata saƙon yadda za su shirya, ranar Juma'a za a sake shi ga asibiti. Baƙo ne ya rubuta shi, shi ya gwada, shi ya mayar da umarnin likitoci zuwa Hausa. Gwaji dubu ɗaya da ɗari huɗu, duk kore. Masu kamfanin sun ce wannan shi ne zakaran gwajin dafi. In aka sake shi ba tare da teburin gwaji ya gano wani abin kirki ba, to teburin ba shi da sauran amfani, ƙarshen wata za a rufe shi. Ya ce ya yi iya ƙoƙarinsa a kanta. Ya ce za a yi mata sallama ta mutunci.

Ta tambaye shi ko har yanzu ana buƙatar sa hannunta kafin Juma'a. Ya ce eh, yarjejeniyarsu da asibitin ta ce sai da sa hannun mai gwaji. Ta ce to, ta miƙe. A bakin ƙofa ya ce kada ta ɗauka da zafi. Ta fice. Mace mai shekara hamsin da uku, ga tsoho mai shan magani a gida, wa zai ɗauke ta aiki? Wannan ba zancen bakin ƙofa ba ne.

Yini biyu ta yi tana neman ja. Ta sa ranar haihuwa ta shekara ɗari biyu baya. Ta sa lambar waya mai harafi a tsakiya. Ta ba mutum ɗaya tiyata biyu a sa'a guda. Ta katse intanet ana tsakiyar tura saƙo. Duk dabarar da ta tara a shekara tara ta zazzage ta, kuma duk ramin da ta haƙa sai ta tarar Baƙo ya riga ya cike shi. Ba ta yi wa kanta ƙarya ba. A irin wannan aikin ya fi ta, ya fi su huɗun a haɗe. Ta dai ga ƙananan abubuwa biyu, wani rubutu da ya ɗan karkace a ƙaramar waya da wani maɓalli mai launin da bai dace ba. Ta rubuta su don aikinta ne, amma ta san ba su za su riƙe mata kujera ba.

Ranar Talata bayan azahar Dogo ya gangaro da kujerarsa kusa da ita, ya yi ƙasa da murya. Ya ce in tana so zai ɗan kwance wani abu a ciki, ƙaramin abu, ita kuma ta gano shi gobe a gaban kowa. Babu wanda zai sani.

"Kai za ka sani, ni ma zan sani," ta ce. "Ja kujerarka, Dogo, ka tare min iska."

Ya ce shi dai taimako ya yi niyya, tunda birkin ya fara cin ƙarfe. Ta ce birki mai cin ƙarfe ya fi mota mai gudu ba direba, ta kuma tambaye shi yaushe rabon da ya rubuta layi goma da hannunsa. Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Gemun ɗan'uwa ne ya kama da wuta, shi ma ya san lokacin shafa wa nasa ruwa ya yi.

Abu ɗaya ya rage mata, wanda ba ya cikin tsarin kamfani, kuma an sha yi mata dariya a kansa. Ta buga saƙonnin a takarda, ta ninke ta sa a jaka. Ta riga ta karanta su sau uku a allo. Hausarsu tsaf, babu harafin da ya faɗi, har ƙugiyar ƙa da ɗa Baƙo bai manta ba. Dogo ya karanta, Oga ya karanta, kowa ya ce ko malamin makaranta sai haka. Amma dokar dattijon bakin kotu ba ta ce a karanta da ido ba.

Ta isa gida rana na gab da faɗuwa. Baba na zaune a kujerar roba a ƙofar ɗaki, rediyo a cinya. Ta auna masa suga, ta ɗora tukunya, ta jawo kujera 'yar tsuguno ta ce za ta yi masa karatu. Ya ce an sake ɗaukarsa aiki ke nan, kuma har yau bai ga albashi ba. Ta ce albashinsa na kan wuta.

Ta karanta na farko, ranar zuwa da abin da za a riƙo. Ta tambaye shi me zai yi, ya faɗa daidai. Na biyu ma haka. Sai na uku.

"Za a yi maka aiki ranar Alhamis da safe. Daga daren Laraba kada ka ci komai." Ta ɗago. "To Baba, yaushe za ka daina cin abinci?"

Ya karkata kai. "Yau wace rana?"

"Talata."

"To yau ke nan, da zarar rana ta faɗi." Ya yi lissafi da yatsu. "Ke uwata, wane likita ne wannan? Daren nan, da yinin gobe cur, da wani daren kuma? Ni da nake shan maganin suga, ai kafin su wasa wuƙarsu na riga na sauƙaƙe musu aiki."

Ta ce ba yau ake nufi ba, gobe Laraba in dare ya yi. Ya ce to su faɗi haka mana. Gobe in rana ta faɗi ai an shiga daren Alhamis. Dare ke gaba, yini na biye da shi, haka ya taso ya ji, haka kuma ya yi shekara arba'in yana lodi. In mai kaya ya ce a tashi daren Laraba, ranar Talata da magariba ake ɗaure tamfol. Ya tambaye ta ko boko ne ya cinye mata wannan ma.

Ta zauna da takardar a hannu. Bai gaya mata sabon abu ba. Ta san wannan tun tana yarinya, da bakinta ma tana faɗinsa in tana hira da tsofaffi. Amma ta yi shekara talatin tana kallon kalandar ofis, inda rana ke farawa daga sha biyun dare, har idonta ya daina ganin abin da kunnenta ya sani. Likita ya rubuta da Turanci, Baƙo ya ɗauko kalma ya ajiye a gurbin kalma, su kuma 'yan ofis suka karanta da kan Turanci suka ce daidai ne. An ce baƙo ko da ido makaho ne. To a nan har 'yan gida sun makance. Ta duba sauran shafukan. Saƙo goma sha ɗaya ne ke da irin wannan daren: na daina cin abinci, na shan maganin wanke ciki, na dakatar da maganin da ke tsinka jini.

Abincin Baba ya kama a tukunya ran nan. Ya ci yana mita.

Washegari, Laraba, tun kafin Oga ya ajiye jakarsa ta shimfiɗa masa takardar a tebur, ta ja layi ƙarƙashin kalmomin biyu. Ya karanta sau biyu ya ce bai ga komai ba. Ta yi masa bayani. Ya jingina da kujera ya ce tsoho ɗaya ne fa, kuma masu riƙe waya yanzu sun waye. Sannan ya ƙara da abin da bai kamata ya ƙara ba. Ya ce ya san halin da take ciki, kowa ya samu kansa a haka zai nemi abin kamawa.

Ta dube shi har sai da ya sauke ido.

Kafin a jima maganar ta fita babban ɗaki, ofis ya rabu biyu. Mai shara ta jingine tsintsiya ta ce daren Laraba ai jiya ya wuce. Mai amsa wayar kwastomomi ta ce ina, yau ne in an tashi aiki. Dogo ya ce shi ya danganta: in da mahaifiyarsa yake magana jiya ne, in da matarsa ne yau ne, shi ya sa kullum yake cikin laifi a gida biyu. Oga ya ce a tambayi Baƙo a huta.

Aka tambaye shi. Baƙo bai yi gardama ba. Ya zubo bayani shafi guda, ya ce lallai ana fahimtar maganar ta hanya biyu, ya kawo dalili, ya ba da haƙuri, ya ce a mayar da ita "Laraba da dare". Cikin daƙiƙa biyar ya gyara duka goma sha ɗayan, allo ya sake cika da kore.

"Kin gani?" in ji Oga. "Ya sani. An gyara. Sai ki sa hannu."

"Ya sani tun ran da ya rubuta," ta ce. "Bai faɗa ba sai da aka tambaye shi. Koren nan cewa yake saƙo ya tafi a kan lokaci. Bai ce ga abin da mutum zai yi in ya ji saƙon ba. Jiya ma ai kore ne."

Oga ya ce ko ya kai wa masu kamfani wannan, cewa za su yi gyaran lafazi ne kawai, ba abin da zai riƙe tebur ba. Ta ce wannan tsakaninsa da su ne. Ita dai ba za ta sa hannu a kan sabon lafazin ba sai kunnen mutane ya ji shi. Ya ce Juma'a fa jibi ce. Ta ce ta san kwanakin mako. Ta ɗauki jakarta da biro biyu ta sauka.

Motar haya biyu ta hau kafin ta isa asibitin. Babbar nas ta ɓangaren tiyata, wadda kowa ke kira Sista, abokiyar aikinta ce tun zamanin ɗakin kati. Da ta ga saƙon sai ta riƙe haɓa. Ta ce su da baki ba sa cewa daren kaza. Cewa suke yi, ka ci abincin darenka, daga nan ka rufe bakinka. Ta nemo mata izini, ta nuna mata dogon bencin da masu jiran likita ke zama.

Anti Birki ta fara daga bakin benci. Ta gaishe da mutum, ta yi masa ya jiki, ta gaya masa saƙon ba nasa ba ne, taimako take nema. Ta karanta, ta yi tambayar dattijon bakin kotu, ta ja ɗan layi a takarda. Wani mai gyaran takalma ya ce daren Laraba jiya ne. Wata malamar makaranta ta ce yau ne. Wata tsohuwa ta ce jiya ne, kuma ita ko kwana uku aka ce ta yi ba ci za ta yi, tunda likita ne ya faɗa. Wannan amsar ce ta fi tayar wa Anti Birki da hankali. Wani mutum da matarsa suka kaure da musu a kai har aka kira lambarsu ba su ji ba. Wani ya ce sai ta fara gaya masa wanda ya aiko ta. Ta ce ƙafarta ce.

Mutum talatin ta karanta wa tsohon saƙon. Goma sha tara suka ce tun Talata da faɗuwar rana za su daina ci. Huɗu daga cikin sha taran nan da maganin suga a jakarsu.

Sai ta koma wani bencin da gyaran Baƙo, "Laraba da dare". Nan ranar ta daidaita, amma wata ɓaraka ta ɓullo. Wasu suka ce tun magariba za su daina, ba za su ci abincin dare ba. Wasu suka ce sai sun ji barci. Wani ƙato ya ce dare ai har asuba dare ne, zai ɗan taɓa wani abu kafin gari ya waye. Irin wannan, in ji Sista, shi ne wanda ake mayarwa gida ranar tiyata, in ma ba a yi sa'a ba ya yi amai a kan tebur.

Suka zauna ita da Sista a ɗan ɗakin nas-nas, suka rubuta na uku a bayan takarda: "Ranar Laraba ka ci abincin darenka kafin ƙarfe goma. Daga nan kada ka ƙara cin komai har a yi maka aiki ranar Alhamis da safe." Ta kai wa mutum goma sha biyu. Duk sha biyun suka faɗi abu ɗaya.

La'asar sakaliya ta hau matattakalar ofis tana dafa bango, ƙafafunta sun kumbura cikin takalmi. Ta ajiye wa Oga takardun uku, kowacce da layukanta, ta koma teburinta ta cire takalmi.

Ya daɗe a kansu. Can ya fito ya tsaya a saman matattakala da waya a kunne. Ƙofar ba ta rufu sosai ba, ana jin yana cewa, "Mama, tambaya ce kawai. A'a, lafiyata ƙalau." Da ya dawo ya tsaya a gaban teburinta, hannu a aljihu.

"Ta ce daren Laraba jiya ne, kuma in daina gaya wa mutane ita ta haife ni," ya ce. "Maganar da na faɗa miki da safe, Anti..."

"Ta wuce. Juma'a fa?"

Ya koma ofishinsa ya bar ƙofa a buɗe. Ya kira asibiti ya ce a ɗaga zuwa mako mai zuwa. Ya kira masu kamfani, kuma daga inda take zaune ana gane wanke shi ake yi tas, don ba abin da yake cewa sai na ji, na ji, laifina ne, amma ba za a saki ba. A shekara ukun da ya yi a kujerar nan, yau ne ta fara ganin shugabancin da yake yawan faɗa da baki. Ba ta gaya masa ba. Ta dai haɗa shayi kofi biyu ta ajiye masa ɗaya.

Ranar Alhamis ta koma benci da sauran saƙonni goman. Dogo ya biyo ta ba wanda ya aike shi, wai zai riƙe mata jaka. Ta ba shi takarda ɗaya ya gwada. Ya karanta wa wani dattijo da sauri kamar mai sanarwar cigiya, ya ce, "Baba, ka gane?" Dattijon ya ce ya gane sarai. Ta karɓe takardar ta sake karantawa a hankali, ta tambayi dattijon me zai yi, sai ga shi ya faɗi akasin abin da aka rubuta. Dogo bai ƙara yin tsokana ba har suka hau mota.

Masu kamfani ba su yi tafi ba. Ranar Juma'a suka aiko da amsa: ba za a rufe teburin ba tukuna, a ba shi wata shida a gani. Kujera ɗaya, ba za a dawo da sauran ukun ba. Aikin ma ya sauya. Danne-dannen an bar wa Baƙo, ita kuma duk saƙon da zai fita zuwa ga mutane sai ya bi ta kunnuwan benci, sannan ta rubuta abin da ta gano a koya wa Baƙo don kada ya maimaita. Oga ya zo mata da wani dogon suna na sabon matsayin, mai kalma biyar. Ta ce ya riƙe sunan, ya rubuta mata wata shidan a takarda ya sa hannu.

Dogo ya ce ashe da hannunta za ta yi wa Baƙo ɗura har ya ƙoshi ya haɗa da kujerar. Wata shida na cika ya haddace daren Laraba da duk 'yan'uwansa, sai a ce mata an gode. Ta ce ta sani. Ta ce mai jiran tiyata bai san da zaman kujerarta ba, cikinsa ya sani. In Baƙo ya haddace wannan, mutane ba za su daina magana ba, gobe wata kalmar ce. In ma kujerar ta tafi, ai an taɓa ce mata ta mutu tare da tafireta.

Da yamma Oga ya kawo takardar. Ta ce ya karanta mata da baki. Ya karanta a hankali har zuwa sa hannun. Da ya kai ƙarshe ya ɗago yana murmushi.

"To Anti, yanzu me za ki yi?"

Ta karɓi takardar ta ninke ta sa a jaka, kusa da wasu da ta buga tun safe. Tsofaffin saƙonnin kamfanin ne, ɗari biyu da 'yan kai, waɗanda aka daɗe ana turawa ba wanda ya taɓa kai su benci ya karanta su da baki. Na saman cewa yake a sha magani sau uku a rana. Bai ce komai a kan dare ba.

"Litinin da safe ina benci," ta ce. "Ka gaya wa Dogo ya sauke kwalayen nan daga kan kujera ɗaya ya kawo min. In na dawo zan riƙa ɗora ƙafa."